Tsaga a Jitar Marigayi Iliyasu

Da safiyar Asabar Mudassiru ya fito ƙofar gida yana salati, ya ce an fasa shagon mahaifinsa an ɗauke jita. Kafin hantsi mutanen Gidan Tsamiya sun cika lungun, har waɗanda suka riga suka tafi ban ruwa sun baro tumatirinsu sun dawo. Kowa ya leƙa ya ga ƙwadon yana reto da ƙusoshinsa, ya ga akwatin jitar a buɗe a kan tabarma, sai ya ja da baya ya riƙe baki.

Ba a yi arba'in ɗin mahaifin nasa, Malam Iliyasu, da daɗewa ba, matarsa Iya tana cikin takaba. Jitar nan kuwa ta girmi duk 'ya'yansa. Da ita ya dawo daga Sabon Gari lokacin da aka haƙa kanal na ban ruwa aka fara raba gonaki, ya ajiye kiɗan otal ya kama noman shinkafa. Da aka zo rabon gado aka ga ba ta rabuwa, a gidan kuma ba mai iya kaɗa ta, sai aka ce a sayar.

Wani ya tambayi Mudassiru yaushe ya ganta ƙarshe. Ya ce jiya da safe, kafin a tafi masallaci. Nan take aka soma lissafin wanda bai je Juma'a ba, lissafin kuwa bai yi tsawo ba. Namiji baligi ɗaya ne a ƙauyen ba ya zuwa masallaci, shi ne Nicholas mai gyaran injin ban ruwa, mutumin Pankshin, wanda ya zo ranar Alhamis ya daɗe yana jujjuya jitar sannan ya tafi bai saya ba.

Mai unguwa ya karɓe mukullin ɗakin injinan ƙungiyar manoma daga hannun Nicholas, ya ce in jita ba ta fito ba to ya nemi wani garin, don ba zai iya riƙe samari ba. Sannan ya aika a kira Datti.

Datti mai bin sawu ne, tsoho siriri mai yawan shiru, sa'an marigayin. Da sawun shanu ya fara, da zamani ya juya ya koma bin ɓarayin injin ban ruwa da tiyo. Ya iso ya tsaya ya dubi ƙasar ƙofar shagon da takalma suka dagargaza, ya dubi jama'a.

"Sannunku da aiki," in ji shi. "Ko giwa ce ta shiga, kun share mata hanya."

Ya durƙusa ya tsinci ɓarɓashin katakon ƙyauren. Fari ne fes, ko ƙura bai sha ba, alhali lungun hanyar awaki ce safe da yamma. Ya jujjuya shi a tafin hannu.

"Mudassiru, jiya da ka dawo daga masallaci ka biyo ta nan?"

"A'a, Baba. Ta ƙofar gida na shiga."

"Iya ba ta ji ƙarar ɓalle ƙwado ba?"

"Ba ta da lafiya, tana kwance. Kada a tashe ta, don Allah." Ya share gumi da hularsa. "Ni fa ban kama sunan kowa ba, Baba. Mutane ne suka faɗa."

"Na ji ba ka kama ba," in ji Datti.

Gidan da Nicholas yake haya yana bakin titi. Datti ya tarar da matar Nicholas, Monica, tana cusa tukwane a buhu, ba ta ko ɗago ba da ya yi sallama. Nicholas yana zaune a kan benci, hannuwansa baƙi da man inji, yana kallon su kamar na wani ne.

"Baba Datti, ni ne fa," ya ce. "Ni da nake kwana da mukullin injinansu tun 'yata Stephanie tana goye. Ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa ɓata ba."

"Jiya lokacin masallaci kana ina?"

"Gonar albasata. Ni kaɗai."

"To ba ka da shaida sai albasa. Gaya mini abin da ya hana ka sayen jitar."

Nicholas ya yi ajiyar zuciya. Ya ce a coci ne suke bukatar jita, shi ke kaɗa musu, tasa ta mutu. Ya je Kano ya ga sababbi, na katakon nan da ake mannawa falle-falle. Masu ƙarfi ne, in ji shi, ko faɗuwa suka yi daga Keke ba abin da zai same su, kuma akwai sandar ƙarfe a cikin wuyansu, in wuyan ya lanƙwashe sai a ɗaure ta ya miƙe. Amma sautinsu kamar ana magana a cikin bargo.

"Ta Malam kuwa, Baba, fuskarta katako ne gangariya, an fere shi siriri, in ka ɗaga ta kamar ba ka ɗauki komai ba. Shi ya sa in ka taɓa tsirkiya ɗaya sai ka ji ta har a ƙirjinka. To sirantar nan ita ce ciwonta. Ba ta son zafi, ba ta son bushewa. Wuyanta ba ƙarfe, ya ɗan sunkuyo, tsirkiyoyin sun yi sama, mai koyo zai sha wuya a yatsu. Ga gam ɗin da aka haɗa ta da shi irin na da ne, wanda ake dafawa daga fata da kofato. Ba ya danne sauti, amma ba ya shiri da laima."

"Sai ka tsorata."

"Na ga tsaga. Daga ƙasan ramin ta tafi kamar zare. Na ce rani ne ya busar da katakon. Na ce su bar ni in yi tunani zuwa Litinin, don in na kai ta coci rufin kwano ne, ina tsoron tsagar ta buɗe a hannuna. Wallahi ina son ta. Da yamma nakan je in zauna wajen Malam, yatsunsa sun riga sun ƙage, sai ya ce in kaɗa masa ya ji."

"Wa da wa ke nan da ka yi maganar tsaga?"

"Mudassiru. Iya kuma tana bayan labule, har ta ce in kaɗa mata wadda Malam yake so. Na kaɗa."

Monica ta ɗaure bakin buhu ta miƙe. "Baba, ka gaya musu ba sai sun kore mu ba. Jiya matar mai unguwa a gidan nan ta ci abinci. Yau ta gan ni ta sauya hanya."

Datti ya ce ta dakata da ɗaurin kaya zuwa la'asar, ya fita.

A bakin titi mai shayi ya tare shi da labari. Ya ce jiya ana tafiya masallaci ya ga Lukmanu mai haya da Keke mai ƙafa uku ya fito daga wajen lungun da wani dogon abu a buhu, mai ƙaton ciki da siririn wuya. Datti ya hau acaɓa har tashar Kura, ya sami Lukmanu yana wanke Kekensa.

"Dogon abu mai ciki?" Lukmanu ya yi dariya. "Baba, injin feshi ne da sandarsa, na kai wa wani Alhaji a Kadawa. A can na yi Juma'a. Ni da ko gangar tasha ban iya ba, me zan yi da jita? Ka ce wa mai shayi ya rage siga, yana hau masa ido."

Ya kira Alhajin a waya ya miƙa wa Datti, maganarsu ta zo ɗaya. Datti ya dawo rana ta take, yana jin haushin kansa, don tun da safe ɓarɓashin katakon nan ya gaya masa ba jiya aka ɓalle ƙwadon ba, ya bar shi ya tafi bin zancen mai shayi.

Wannan karon bai bi ta lungun ba. Ya zaga bayan gidan marigayin, inda wata 'yar ƙofar langa-langa take fita zuwa ga lambu. Jama'a ba su tako nan ba, ƙasar kuma mai taushi ce saboda ruwan da ke tsiyayowa daga fadama. Sawu ya kwanta a kanta sarai. Ƙaramar ƙafa ce cikin silifas, dunduniyar hagu ta cinye, ga ramin sanda a gefen dama. An fita an dawo, an sake fita an sake dawowa. Na farkon awaki sun taka shi, ya kwana. Na biyun sabo ne, na safiyar yau, kuma a dawowa ba ramin sanda, takun ya gajarta, kamar mai tafiyar ya rungumo abu da hannu biyu.

Datti ya san ƙafar. Ya tsaya a kanta ya daɗe, yana nema mata wani mai ita, bai samu ba. Mace mai takaba ba ta fita sai da larura, Iya kuwa ba a taɓa jin ta da wasa da addini ba.

Sawun ya kai shi ƙaramin kanal da ya ratsa bayan lambun, daidai kwalbati. Nan mutanen gidan suke jiƙa kayan aiki. In rani ya busar da ƙotar fartanya ta soma girgiɗi, ko turmi ya tsage, sai a ɗaure shi da igiya a turke a jefa a ruwa ya kwana, katako ya kumbura ya kama kansa. Kowane yaro a ƙauyen ya san haka. Akwai fartanyoyi a cikin ruwan a lokacin, ɗaure da igiyoyinsu. Igiya ɗaya kuma tana kwance a kan siminti ba komai a bakinta, ga wani ƙaton dutse jiƙaƙƙe a gefe, irin wanda za a danne abin da ya ƙi nutsewa.

A kan simintin akwai wani abu ruwan ƙasa mai yauƙi da ya soma bushewa, kiyashi sun yi masa baƙi. Datti ya dangwala ya sansana, ya ji warin majema. Ya sa hannu a taɓon bakin ruwan yana lalube, yatsunsa suka ci karo da wani ɗan abu fari mai kai kamar ƙusa, na ƙashi. Ya sha ganin irinsa a jere a cikin jitar, inda tsirkiyoyi suke kamawa.

Ya zauna a kan kwalbatin. Ya yi shekaru yana bin sawun mutanen da suka ɗauki abin wani don mugunta ko don yunwa, ya san abin da ake yi da su. Wannan sawun na tsohuwa ce da ta fito gyara. In ya faɗa, an tona matar amininsa a bainar jama'a, a ce ta karya takaba ta kuma lalata gadon marayu. In ya yi shiru, Nicholas zai loda tukwanensa a mota da sunan ɓarawo, sunan kuma zai riga shi isa duk garin da ya nufa. Ya juya maganar ta kowace fuska bai ga inda za a fita ba wanda ya ji ciwo ba.

Da ya tashi ya bi sawun dawowa. A bakin ƙofar langa-langar wata ƙafar ta tare shi, babba, ta namiji, ba takalmi. Daga nan ƙaramar ta shige gida, babbar ta ratse zuwa rumbun shinkafa da ke jikin katanga. Kiyashi sun ja layi daga ƙasa suna hawa rumbun, suna shiga ta ƙarƙashin murfi.

Bayan la'asar Datti ya ce a taru a soron gidan marigayin. Mai unguwa ya so a yi a ƙofar gidansa, Datti ya ce a'a, nan aka yi ɓarna, nan za a yi magana. Aka zo da Nicholas, Lukmanu ma ya zo don kansa. Mudassiru ya zauna kusa da ƙofar shiga gida, samari suka yi cincirindo a waje. Datti ya zaɓi wuri dab da labulen da ya raba soro da tsakar gida, ya ɗaga murya fiye da yadda aka san shi.

"Ranka ya daɗe, ina so a maimaita hukuncin da aka yanke, kowa ya ji."

Mai unguwa ya dube shi da mamaki. "Ai kowa ya sani. In jitar Malam Iliyasu ba ta fito ba, Nicholas zai bar garin nan shi da iyalinsa, tunda shi ake zargi da sace ta."

"Nicholas mai gyaran inji," in ji Datti da ƙarfi. "Shi ake zargi."

Ya buɗe tafin hannunsa ya ajiye ɗan ƙashin a kan tabarma. Nicholas ya sunkuyo, ya ce turken tsirkiya ne, na jitar Malam, ya tambayi inda aka samo shi. Datti ya ce a bakin ruwa. Bai ƙara ba. Ya juya ga Mudassiru.

"Ɗana, ba jiya aka ɓalle ƙwadon nan ba, yau da safe ne. Ka buɗe mana rumbu, ko in sa a buɗe?"

Mudassiru ya waiga wajen labule. Sai aka ji sanda tana ƙwanƙwasa ƙasa daga cikin gida, a hankali, har ta tsaya a bayan labule.

"Mudassiru." Muryar Iya ce. "Me na ji ana cewa? Wa za a kora?"

"Iya, ki koma ɗaki."

"Ka ce mini za a ce ɓarawo ne, ɓarawon da ba a sani ba. Ka ce ba wanda zai cutu. Yaron nan da yake zama da ubanka aka ɗora wa, kana ji kana gani?"

Iya ta yi magana daga inda take tsaye, ba wanda yake ganin ta. Ta ce ta ji Nicholas ya ce bushewa ce ta tsaga jitar, ta ji tsoron kada ya fasa saye a kai ta kasuwa ta faɗa hannun wanda bai san Malam ba. Ta ce tun tana amarya take ganin ana rufe tsagar katako da ruwa. Da maza suka tafi masallaci ta buɗe shagon da mukullin Malam, ta ɗauke ta ta rufe, ta kai ta kanal, ta ga tana tasowa, ta danne ta da dutse. Da gari ya waye ta koma ta ja igiya.

"Wuyan ne kaɗai ya biyo igiyar," ta ce. "Sauran na tsince su ɗaya-ɗaya a cikin ruwa."

Wani a waje ya yi salati a hankali. Aka aiki samari biyu rumbu, suka dawo da ƙunshin zane suka kwance a tsakiyar tabarma. Fuskar jitar ta rabu biyu ta nannaɗe kamar ɓawon rake, bayanta ya saki, 'yan sandunan ciki sun zube, tsirkiyoyin sun cukurkuɗe da wuyan, kiyashi suna ta yawo a kai. Nicholas ya miƙa hannu zai taɓa, ya janye. Manoman da ke wurin suka yi ta kallon ƙunshin, suna sane da cewa yawancinsu da su aka tambaya da shawarar da za su bayar ke nan.

Mudassiru ya kifa kai a gwiwa. Ya ce ya tarar da ita a ƙofar baya jiƙe sharkaf tana kuka, ya ji tsoron abin da 'yan'uwansa za su ce mata da abin da gari zai ce, shi ya sa ya ɓoye ƙunshin a rumbu ya ɓalle ƙwadon. Ya ce da aka ambaci Nicholas ya so ya yi magana, sai ya ga ya makara.

"Da safe ba ka makara ba," in ji Datti. "Na tambaye ka."

"Nicholas," in ji Iya, "kana nan?"

"Ina nan, Iya."

"Na kashe maka ita, ɗana kuma ya so ya kashe maka suna. Ban san da wanne zan fara ba ka haƙuri ba."

Nicholas ya dubi labulen. Ya ce Allah ya ji ƙan Malam, ita kuma ba ta yi masa komai ba. Bai ko kalli Mudassiru ba.

Mai unguwa ya laluba aljihu ya fito da mukullin ɗakin injina, ya miƙa da hannu biyu. Ya ce a yi haƙuri, sharrin shaiɗan ne, gobe shi da kansa zai sanar a masallaci, Mudassiru kuma zai tsaya a gefensa ya faɗa da bakinsa. Nicholas ya karɓi mukullin. Samarin da ke ƙofa suka dare suka ba shi hanya, kowa idonsa a ƙasa.

Datti ya raka shi har bakin titi. Daga nesa suna hango Monica zaune a kan buhun tukwane a ƙofar gida, ba ta kwance ba, tana jira.

"Baba Datti," in ji Nicholas, "da ba ka zaga bayan gidan nan ba fa?"

Datti ya so ya ce gaskiya ba ta ɓuya, ya so ya ce Iya za ta ji ko ba jima ko ba daɗe. Ya tuna yadda ya zauna a kan kwalbati yana auna shirunsa, ya ga ba shi da bakin faɗar haka.

"Da ka tafi," ya ce. "Kuma da mun yi barcinmu."

Nicholas ya gyaɗa kai. Ya tsallaka titi, ya tsaya gaban matarsa, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Datti ya jira har ya ga Monica ta tashi ta ja buhun ta shigar da shi ciki, sannan ya juya.